Tantin da Garzali Ya Kafa a Ƙofar Gida

"Wai wa ya rasu a gidan Garzali?"

Saude tana tsugune a tsakar gida tana tsince shinkafa ta jiyo tambayar ta bayan katanga. Muryar Iya Balaraba ce, maƙwabciyarsu mai ƙuli-ƙuli. Wata mata ta amsa, "Wallahi ban sani ba, Iya. Ni ma rumfa na gani da tabarmi."

Babu wanda ya rasu, Saude kuma ta fi kowa sanin haka.

Wata huɗu ke nan da aka kawo ta gidan Garzali, mai gyaran waya a bakin titi. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya raina girki. Matsalarsa ɗaya, duk abin da ya gani a waya sai ya gwada. Tun da ya sayi keken nan mai caji, wanda ba ya shan mai, ba ya ƙara, sai dai ka ga mutum ya gifta ka sululu, ya haɗu da wasu abokai huɗu masu irinsa. Kullum aikinsu tura wa juna bidiyon Turawa: mutum da gidansa da gadonsa da matarsa, ya ɗaure kaya a bayan keke ya tafi daji ya kwana, gari ya waye ya dawo yana washe baki. Har suka sa rana. Asabar mai zuwa za su je can bayan dam su kwana.

Ita kuwa Saude a ƙauye ta tashi, ta san kwanan daji. Babanta yana kwana a gona da kaka don gadin hatsi, kuma ba ta taɓa ganin ya dawo yana washe baki ba. Ga maciji, ga kunama, ga kuma abin da yanzu ba a ko son ambatawa. Tafiyar nan ta tsaya mata a rai ƙwarai. To amma amaryar wata huɗu, wadda ko sunan miji ba ta iya kamawa, ta ina za ta fara? Sau ɗaya ta gwada, kanta a sunkuye.

"Iskar da ake zuwa sha ɗin, ba a samunta a nan tsakar gida?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Amarya ke nan! Ba za ki gane ba. Wayewa ce."

Ranar Laraba da hantsi ya dawo daga kasuwar 'yan gwanjo da tanti biyu. Mai kayan ya ce ya je ya gwada, wanda bai yi masa ba ya mayar gobe. Ɗaya kore ne, ɗan ƙarami, ba shi da nauyi ko kaɗan, amma in an kafa shi sai ka rantse akurkin kaji ne, sai da rarrafe ake shiga. Ɗayan fari ne ƙato, mutum takwas za su zauna a ciki su sake, sai dai nauyi kamar buhun masara. Daga kasuwa zuwa gida kawai ya cinye rabin cajin keken.

Garzali ya tsaya a kansu yana sosa ƙeya.

"Kin ga, ƙaramin shi ne batir zai iya ja har dam. Amma magidanci kamar ni a gan shi yana rarrafe a gaban abokai? Salla fa, a kwance zan yi ta? Babban kuma in na ɗauka, daga rabin hanya ni zan koma jan keken."

Saude ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." A ranta kuwa cewa take yi Allah ya sa duka biyun su yage.

Tsakar gidan ba fili, don haka ya kwashi kayan ya fita ƙofar gida. Ya kafa babban, ya shimfiɗa tabarma biyu, har da ajiye buta a gefe don ya ga yadda tsarin zai kasance. Ya kafa ƙaramin a jikin katanga, ya rarrafa ciki, ya ja zif, ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa, wai zai gwada ko ƙafafunsa za su miƙe. Da ma ya ci garau-garau ya ƙoshi, ga gajiya. Barci ya yi gaba da shi.

A unguwar nan kuwa, in aka ga farar rumfa da tabarmi a ƙofar gida ranar Laraba, ba kiɗa, ba ƙanshin girki, ba a tambayar me ya faru. Wa ya rasu ake tambaya.

Malam Hamisu tela ne ya fara zuwa. Ya ga rumfa, ya ga keken jingine ba mai shi, ya cire takalmi ya zauna ya rafka tagumi. Na biyu ya zo ya tarar da shi a haka, ya ce, "Ya haƙuri?" Malam Hamisu ya ce, "Sai godiya." Kafin a kira la'asar tabarma biyu sun cika, an aro benci. Ƙaramin tantin ba wanda ya ko kalla, an ɗauka tarin kaya ne aka lulluɓe.

Daga zaure Saude tana jin duk abin da mazan da ke zaune a rumfar suke cewa.

"Keken nan ne. Sai da na ce masa abin hawan da ba ya ƙara ba abin hawa ba ne."

"Yaro mai ladabi. Sai dai son gwaninta."

"Allah sarki, wayata ma tana hannunsa mako uku. Na yafe. Cajar dai in an gani a ajiye mini."

Tana shirin leƙawa sai ga Iya Balaraba da mata uku sun faɗo da salati. Iya ta rungume ta. "Sannu 'yar nan. Sannu. An aika wa Baffansa, yana hanya."

Saude ta buɗe baki. Magana uku kawai za ta yi komai ya watse. Sai kalmar nan ta Baffa ta tsaya mata a kunne. Baffa Lawandi, ƙanen mahaifin Garzali, shi ne ya riƙe shi tun yana yaro, shi kaɗai ne in ya yi gyaran murya Garzali ke ajiye waya. Kuma har yau ba a gaya masa zancen kwanan daji ba.

Sai ta rufe bakinta, ta ja mayafi ta lulluɓe fuska. Dariya ta taso mata, ta danne, kafaɗunta suka shiga rawa.

"Yi kukanki," in ji Iya, tana bubbuga mata baya. "Kar ki ce komai."

Ba ta ce ba.

Baffa Lawandi ya iso riga a baibai, hula a hannu. Bai gama cewa "Yana ina?" ba, wani malami ya ɗaga hannu a yi addu'a tukuna. Wuri ya yi tsit. Cikin tsit ɗin nan aka ji zif ya yi ƙara, zuuut. Tarin kayan ya motsa. Kai ya leƙo, sannan kafaɗu, sai ga Garzali da rarrafe, ido jawur, gumi sharkaf.

Benci ya kife. Malam Hamisu ya yi gabas, takalmansa suka kwana a nan.

Garzali ya zare abin kunne, ya dubi jama'a. "Subhanallahi! Baffa, lafiya? Wa muka rasa?"

"Kai," in ji Baffa.

Da aka nutsu aka dawo, Garzali ya durƙusa ya yi bayani: keke, caji, dam, Turawa, shan iska. Yana yi muryarsa tana ƙanƙancewa, don shi kansa bai taɓa jin zancen a fili a gaban dattawa ba.

"Tsaya in fahimta," in ji Baffa. "Korar ka aka yi daga gidan?"

"A'a, Baffa."

"Rufin ne ke yoyo?"

"A'a."

"Wani abu za ka je nema a dajin? Itace? Zuma?"

"Kwana kawai, Baffa."

"Kwana kawai." Baffa ya juya wajen zaure, inda mata suka cunkushe suna leƙe. "Ke kuma 'yata, kina ciki ana zaman makokin mijinki, me ya hana ki magana?"

Iya Balaraba ta karɓe. "Kunya, Alhaji! Yarinya ce mai tarbiyya. Irinsu sun yi wuya yanzu."

Aka yi ta sa wa Saude albarka. Ita dai tana kallon babban yatsan ƙafarta. A nan ta ƙudura a ranta, zancen abin da ya rufe mata baki ba mai jin sa, ko yayarta da suke kwana ɗaki ɗaya a gida.

Garzali jikinsa ya riga ya yi sanyi da tafiyar, amma ba ya son a ga ya ja da baya a gaban unguwa. Ya ƙaƙalo murmushi, ya nuna tantunan biyu.

"To Baffa, tunda Allah ya kawo ka, kai ne babba. Wanne kake ganin zan ɗauka, babban ko ƙaramin?"

Baffa Lawandi ya gyara rigarsa, ya kafa hula, ya dubi farar rumfar sama da ƙasa.

"Tafi da ƙaramin, ɗana. Babban kuma ka bar mana shi a kafe, kar mu sha wahala sau biyu."