La'asar Ɗin Da Na Yi Limanci a Maamobi

Ba zan taɓa mantawa da wata La'asar da na ja wa mutane a Maamobi ba, ko da yake rabinta ban san yadda aka yi ba.

A shekarun tamanin ne, ina saurayi, ina lebura a wani gini da ke unguwar Kotobabi. Karatun allo na yi, Turancina kuwa bai wuce kalmomin da na rubuta da ajami a takardar buhun siminti ba. Cikinsu akwai “taya”, wato gajiya. Ma'anar na sani sarai. Abin da ban sani ba shi ne, in mai Turanci ya tambaye ka gajiya, amsa yake nema ta gaskiya. Mu a gidanmu na unguwar Nima, ko a ranga-ranga aka kawo ka, in an ce ina gajiya, “ba gajiya” za ka ce. Babana yana ganin wata amsar daban raki ce da rashin godiyar Allah.

Ranar muna zuba kankaren rufin bene, aikin da ba a tsayawa in an fara. Da rana ta take, sai shugaban aikinmu, wani ɗan ƙabilar Ga da muke kira Masta, ya riƙa bin mu yana tambaya, “Yu taya?” Duk wanda ya ce e, sai a canje shi ya je inuwa. Da ya zo kaina, na ce, “No taya, Masta.” Ya dawo, na maimaita. Abokina Isaka ya ce, “Chale, aboki, so kake ka mutu?” Masta kuwa ya ji daɗi, ya ƙara mini kaskon wanda ya je hutu.

Ga shi a ranar ce Kawu Garba zai kai ni gaban Alhaji, mahaifin Hajara da nake nema. Kawu ya riga ya gargaɗe ni: Alhaji ba ya duba aljihu, sallar mutum yake dubawa. Da aka tashi aiki na watsa ruwa, na ari babbar riga, muka hau motar haya ta trotro zuwa unguwar Maamobi.

Muna gama gaisawa aka kira salla a ɗan masallacin ƙofar gidansa. Alhaji ya nuna gaba ya ce, “Bismilla, Malam, an ce ka sauke.”

Raka'ar farko lafiya lau. A ta biyu na yi sujada, goshina ya taɓa tabarma mai sanyi, ga iskar teku tana shigowa ta taga. (Allah ya sani, tasbihi na fara.) Daga nan ban san komai ba.

Daga baya Kawu ya ba ni labarin sauran. Da farko dattawa sun ɗauka tsoron Allah ne ya tsawaita sujadar, har shi ma yana jin daɗi a ransa. Sai aka fara “Subhanallah” daga sahu. Shiru. Aka ƙara da ƙarfi. Sai limaminsu ya amsa musu da minshari.

Kawu ya miƙo hannu ya murɗe mini yatsan ƙafa. Na zabura zumbur na miƙe, na kwatsa ihu a cikin ɗakin Allah: “No taya, Masta!”

Innalillahi! Na waiga, ga dattawa goshi a ƙasa, kafaɗu sai girgiza suke. Barci ya karya alwalata, ni kuma na ɓata sallar jama'a. Alhaji ya shige gaba aka sake ta daga farko, ni ina bakin famfo ina alwala, ina duba lungun da zai fitar da ni zuwa Nima ba tare da Hajara ta gan ni ba.

Da aka idar, Alhaji ya kira ni. Ya daɗe yana kallon tafin hannuna da siminti ya cinye. Can ya ce, “Malam, ina gajiya?”

Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga shi: “Ba gajiya, Baba.”

Masallacin ya fashe da dariya. Kawu ya dafe kai ya ce, “Kai, wannan yaro ba ya jin magani!”

Alhaji ya share hawaye da bakin rawani ya ce, “Garba, na ba shi. Wanda bai iya ƙorafi ba zai iya zama da Hajara. Amma a sahun baya zai riƙa tsayawa.”

A can na tsaya har Alhaji ya koma ga Allah. Jikokina yau ba su san ni da wani suna ba sai Baba Notaya. Har gobe in ka gaishe ni da Hausa zan ce maka ba gajiya, haka aka rene ni. Amma in ka tambaya da Turanci, to samo mini tabarma, kuma ku nemi wani liman.