Rasuwar Dogo, Mai Leƙen Rana na Toranke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko kuwa zuciyar da ya kamata a ce ta cika da shi, domin har yau na laluba ban ji komai a cikinta ba, ni Garzali Uthman, malamin aji shida a makarantar firamare, mazaunin Toranke ta ƙasar Ajingi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokin zamana, madubin hangen rana wanda aka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Asabar, talatin ga Yuni, 1973, gab da azahar, a ƙofar gidanmu, a gaban jama'a masu yawa. Ya bar duniya yana da shekara goma sha ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An haifi marigayin a Gaya, a rumfar Maiwada mai ƙera bokiti da mazurari. Garwar kananzir huɗu aka feɗe, aka naɗe, aka liƙe da dalma, ya fito ya fi ni tsawo da taƙi guda. Idonsa ɗaya ne tak, gilashi mai kauri da na tsinto a Kano cikin tarkacen kayan masu awon hanya. Da Maiwada ya gama aikin ya tambaye ni ko indararo ne. Na ce masa e, don a zauna lafiya.

Marigayin mai kamun kai ne. Ga tsawo Allah ya ba shi, amma bai taɓa leƙa gidan maƙwabci ta kan katanga ba. Rana kaɗai yake kallo, kuma bai taɓa barina na kalle ta da idona ba. Shi ne zai ɗauko ta ya shimfiɗa min a kan farar takarda, da'ira kamar faifai, ni kuma in zana ɗige-ɗigen baƙi da ke fuskarta, in ɗauki hoto idan akwai fim. A hannunsa na ga ɗigon nan sun ragu har sun kusa ƙarewa, sun dawo sun yi yawa, sun sake raguwa. Shi ya koya min cewa rana ba fuska ɗaya gare ta ba. In na sa masa jan gilashi, sai ta fito sumul, kamar an shafe ta da man shanu. In na sa shuɗi, sai gefenta ya yi duhu, tabonta su fito ƙuru-ƙuru, a ga wasu fararen jijiyoyi kusa da baki. Kore kuwa ɗan sulhu ne, yana tsakiya. Hotunan duka fari da baƙi ne, amma ko a rufe suna na san wanne ne na wane gilashi.

Ba shi da yawan magana. In ana ɗaga shi da hantsi yakan ce ƙiii, sau ɗaya. In zafi ya ratsa kwanon jikinsa yakan ce tas, ya yi shiru, can ya sake cewa tas. Iyakar abin da na ji daga bakinsa ke nan, sai maganarsa ta ranar ƙarshe.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku, Ja da Kore da Shuɗi, suna naɗe a cikin tsohuwar safa. Ya bar ƙanensa, wani gilashi mai kusurwa uku, wanda ke warware hasken rana ya zama bakan gizo a bango, da siraran layuka baƙaƙe a ciki kamar gashi. Ya bar abokiyar aikinsa kyamara, da fim sabo a cikinta wanda ba a taɓa ba. Ya bar ƙafafunsa uku na maɗaci, suna tsaye a tsakar gida inda ya bar su, kaji sun fara hawa. Akwai littattafan zane goma sha ɗaya. Akwai kuma mahaifiyata, Inna Hure, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana tankaɗe a gefensa tana kallon yadda nake kwance idonsa in goge in mayar. Ranar da na nuna mata layin da ke cikin ruwan ɗorawa na bakan gizon, na ce littafi ya ce alamar sinadarin gishiri ne a jikin rana, cewa ta yi in duba da kyau ko akwai daddawa.

Ciwon ajalinsa ba a jikinsa ya fara ba, a bakin mutane ya fara. Bara damina ta yi gardama, bana ta ƙara. Sau biyu aka yi shuka a Toranke, sau biyu ta ƙone a rami. Mai yunwa ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, sai aka fara cewa ai rana fushi take yi, wa zai jure a riƙa leƙensa kullum safiya ana ƙirga masa tabo? A kasuwar Ajingi na yi sallama a rumfa biyu ba a amsa ba. Kawu Datti, yayan Inna kuma limamin unguwarmu, ya kare ni iya ƙarfinsa, sannan ya ja ni gefe ya ce in ɗan kwantar da abin nan har ruwa ya sauka.

Ban kwantar ba, kuma na ƙara da wautar da ta fi. Na ga a littafin taƙwimi, mai lissafin rana da wata, cewa za a yi husufin rana, wata zai rufe mafi yawanta, irin wanda ban taɓa gani ba. Don murna na rubuta wa 'yan ajina ranar da sa'ar a allo. Ni a ganina darasi na koyar. Su kuwa iyayensu abin da suka fahimta shi ne, wanda ya san lokacin abu tun bai zo ba, da hannunsa a ciki.

Ranar Asabar na kafa Dogo a tsakar gida tun da hantsi, na jera gilasan uku a kan tabarma. Niyyata in ɗauki husufin da kowane launi. Gefen faifan ya fara gutsurewa a kan takarda ke nan, sai ga saƙon Kawu, wai in zo sallar husufi, kuma a sahun gaba yake son ganina. Na ce raka'a biyu ce, yanzu zan dawo. Na manta irin raka'o'in da ake yi a wannan salla, na kuma manta Kawu ba ya tsallake aya. Karatun a ɓoye ake yin sa, saboda haka masallacin tsit yake, kome ake yi a gari muna ji. Mata da yara sun fito kamar yadda aka saba, suna kaɗa kwanoni da gwangwanaye don a saki rana. Haske ya koma kamar na la'asar sakaliya, zakaru suka fara cara. Ina ji kiɗan yana tattaruwa wuri guda, kuma wurin ƙofar gidanmu ne.

Daga nan wata murya ta fito ta danne sauran. Ƙwam. Ƙwam. Ƙwam. Ban taɓa jin Dogo ya ɗaga murya ba, amma na gane shi. Ina tsaye a bayan Kawu, hannuwana a sake, ban motsa ba. Na ƙirga har ashirin da bakwai, daga nan na daina.

Da muka sallame rana ta fara dawowa. Na tarar an jawo shi waje, yana kwance a ƙofar gida ya zama faranti, Inna a kansa da taɓarya, mayafinta ya zame, tana haki. Mutanen da suka zo da duwatsu a hannu sun zubar, suna ta sa mata albarka. Wani dattijo da ya yi wata biyu ba ya gaishe ni ya kama hannuna ya ce, "Malam, Allah ya karɓi tuba." Na ce amin.

Kwana uku ina zaton ruɗewa ce da raunin ido suka sa ta ɗauke shi a matsayin garwa. A na huɗu ta kira ni ɗakinta, hannunta a kumbure. Ta ce, "Kai, Malam ƙarami, ka daina yi min kallon makauniya. Na san abin da na daka. Gara su ga ni na fasa shi da su shigo su fasa min kai, kai kaɗai gare ni." Sai ta buɗe kwallarta ta ƙasa, wadda take ajiye likkafaninta, ta warware wani kallabi. Idonsa ne, ko ƙwarzane babu. Ta ce, "Jiki na daka. Wannan yana nan a wurina. Ran da aka ɗauko farin ƙyallen nan, ka ɗauki abinka ka yi yadda ka ga dama." Ta mayar ta rufe. Saboda wannan magana, sanarwar nan ba za a kai ta gidan rediyo ba, ba kuma za a karanta ta a ƙofar masallaci ba. A shafin ƙarshe na littafi na goma sha ɗaya na rubuta ta, a nan za ta zauna.

Game da jana'iza, ba za a yi wanka ba, ruwan da ke randa na sha ne. Ranar kasuwa mai zuwa za a ɗora gawar a bayan keke a mayar da ita Gaya wurin Maiwada, ya fitar da mazurari ko nawa suka samu, a raba wa maƙwabta sadaka. Za a cire ƙafafun uku daga tsakar gida a jingine su a bayan rumbu. Zaman makoki a zaure ne, da hantsi, lokacin da marigayin ya saba fita aiki, tunda har yanzu a wannan sa'ar nakan sami kaina a tsaye da farar takarda a hannu. Masu zuwa ta'aziyya su fara shiga su duba hannun Inna. Idon marigayin kuwa an riga an yi masa makwanci a cikin kwalla, ƙarƙashin farin ƙyalle, kuma ana roƙon duk wanda zai yi addu'a ya taya ni da wannan guda ɗaya: Allah ya sa ya daɗe a wurin.