Kazar Tsamiya da Iyalin Ƙarya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da mata huɗu suka yi sallama a gidana a Mubi don su gaishe da matata ba, alhali rabona da mata a lokacin kusan shekara guda ke nan.

Aikin koyarwa ne ya ɗauko ni daga Zariya ya kai ni Mubi, jim kaɗan bayan aurena ya mutu. (Kada ku tambaye ni wanda ya kashe shi, mu biyu muka taru muka yi aikin.) Na kama hayar wani ɗan sashe a jikin gidan wani dattijo, Baffa Hammadu. Ɗaki ɗaya ne da 'yar tsakar gida, ƙofata daban, katanga ce kawai tsakanina da iyalinsa. Ban san kowa ba a garin. In na dawo daga makaranta na tura ƙofa, ba na sake jin muryata sai washegari a aji. Akwai Lahadin da na lura har la'asar ban ce wa kowa uffan ba, sai na dubi wani ƙadangare da ke shan rana a kan katanga na yi masa sannu da hutawa, don dai in tabbatar bakin yana nan. Daga ranar kuma abin ya zame mini jiki.

Abinci kuwa, wata uku na yi ina jiƙa burodi a shayi, har yayata ta ji tausayina ta koya mini gashin kaza ta waya. A jiƙa tsamiya a tace, a zuba zuma cokali uku, a daka tafarnuwa da citta da barkono, a sa gishiri da ɗan man gyaɗa. A tsattsaga kazar da wuƙa a cuɗe ta da haɗin, a rufe ta tsumu, sannan a ɗora a kan raga bisa garwashi. Ta ja mini kunne a kan abu ɗaya: “Zuma ba ta da haƙuri da wuta. Ka ɗauke ido, ta ƙone.” Na gwada, abin ya yi. Kaza ɗaya takan kai ni kwana uku, cinya yau, fiffike gobe. Girki mai sauƙi, ga zaƙi ga ɗan tsami-tsami, sai dai ni kaɗai nake ci ni kaɗai nake yabawa.

Abin da ke cin raina shi ne ciyayyar ƙofar gidan Baffa. Kullum bayan magariba mazan layin sukan shimfiɗa tabarma, kowa a fito masa da kwano daga gidansa, su haɗu su ci suna hira. Ta gabansu nake wucewa in na dawo daga masallaci.

“Malam, bismilla!” in ji Baffa.

“Alhamdu lillahi,” in ce, ina shafa ciki kamar wanda ya ƙoshi.

Sai in shiga in zauna a bayan ƙofa da cinyar kazata, ina jiyo dariyarsu, wani lokaci ma in taya su daga ciki ba tare da na ji abin da aka faɗa ba. Wallahi ina son zama a tabarmar nan kamar me. Amma kowa da kwanon da matarsa ta zuba masa, ni fa? In je hannu rabbana, su ce gwauro ya zo ci. In je da kwano, su ce ƙato da gemu ya shiga madafa. Haka na yi ta auna abin har wata shida.

Wata Juma'a dai na yi ta maza. Na gasa kaza guda, ta yi ja tana ƙyalli, na jera ta a faranti na rufe, na fita kamar mai zuwa neman aure. Suka matsa mini wuri. Malam Buba, wani maƙwabci mai gona a Bahuli wanda bakinsa ba ya ajiye magana, shi ya fara kai hannu. Ya tauna, ya tsaya, ya dube ni.

“Malam, nama da zuma? Wannan abinci ne ko magani?”

Kafin in ba shi amsa ya sake ɗaukar wani yanki. Cikin minti biyar ba abin da ya rage sai ƙashi. Ni kuwa ga ni zaune cikin mutane, an turo mini tuwon dawa da miyar kuka, kafaɗata tana gogar kafaɗar wani. Na ji kamar in yi kuka don daɗi.

Sai Baffa ya lashe yatsa ya ce, “Malam, wane ne ya gasa wannan?”

Tambaya ce da ba ta da wata wahala. Kalma biyu ce amsarta: ni ne. Amma na dubi kwanukan nan da ke zagaye da ni, kowanne da matar da ke bayansa, sai na ji bakina ya ce, “Iyali ne. Jiya suka iso.”

“Kai! Matanka ya zo ba ka faɗa ba? Barka, barka! Hannunshi yana da daɗi. Ka gaya mishi gobe ma muna jira.”

Na ce to. (Har da murmushin mai gida, Allah Ya yafe mini.)

Washegari da sassafe na tafi kasuwa na sayo kaji biyu a hannun wata mata 'yar Digil, aka yanka aka fige, na dawo na tsuma su. Nan ne fa na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Akwai wani tsohon zanin mahaifiyata da na ɗauro tukwane da shi daga Zariya. Na ɗauko shi na jiƙa, na shanya a kan igiya, na ma ɗaga igiyar da sanda yadda za a hango shi ta saman katanga. Ni a ganina na ƙulle ƙaryata ta ko'ina. Abin da na manta shi ne a unguwa irin wannan ba a yin baƙuwa a bar ta ita kaɗai.

Bayan la'asar ina tsugune gaban garwashi, daga ni sai singileti da tawul a ƙugu, hannu dumu-dumu da tsamiya, ina fifita wuta da murfin roba, sai na ji muryoyin mata.

“Salamu alaikum! Ina baƙuwan namu?”

Kafin in miƙe sun shigo, tunda a saninsu gida ne mai mace a ciki. A gaba Dada ce, matar Baffa, 'yar tsohuwa siririya, bayanta mata uku, kowacce da kwano a hannu. Ɗaya fura da nono, ɗaya dambu, ɗaya ma har da sabulu da turare a leda. Suka gan ni, suka kawar da kai. Na ja tawul, na rasa inda zan ƙara rufewa.

“Malam, kai ne a wuta? Ina amarya?” in ji Dada.

Nan ma Allah Ya ba ni dama ta biyu, na sake watsar da ita. Na ce, “Tana... ta ɗan kwanta. Gajiyar hanya.”

“Ayya, Zariya da nisa. Ba komai, za mu jira.”

Suka jawo tabarmata suka zauna. Suka yaba zanin da ke kan igiya, ɗaya ta ce irin na da ne, yanzu ba a samunsa, lallai amarya 'yar gidan mutunci ce. Ni dai ina tsaye da murfin roba. Na yi tunanin in shiga ɗaki in fito in ce ciwon kai ya kama ta. Na yi tunanin in maƙe murya in amsa musu daga ciki. (E, har wannan na auna, kuma da a ce ɗakin yana da taga ta baya ban san abin da zan aikata ba.)

Da jiran ya yi yawa, Dada ta tashi ta nufi ƙofar ɗakin tana cewa, “'Yata, ko daga kwance ne mu gaisa.” Ta ɗaga labule.

Na san abin da ta gani, don ni nake ganinsa kullum. Katifa ɗaya a ƙasa, matashi ɗaya, littattafan ɗalibai a tule, wando a jikin ƙusa, kofi ɗaya da cokali ɗaya a cikinsa. Ta daɗe a tsaye. A daidai lokacin ne kuma zumar yayata ta cika alkawari. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe tsakar gidan, kajin Digil biyu suka koma gawayi, matan suka hau tari. Ɗaya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, kuma na san ba tari ba ne.

Dada ta saki labulen. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi murfin robar daga hannuna, ta sauke ragar daga wuta, sannan ta ce a hankali:

“Malam, wata nawa muna jin ƙamshin nan ta katanga? Mun san kai ne kake gasawa, ba abin kunya ba ne. Jiya da Baffa ya ce matanka ya zo, wallahi na yi murna. Na ce yaron nan ya samu wanda zai yi magana da shi. Don ina jin ka kana gaishe da ƙadangare.”

Na so ƙasa ta tsage. Ƙaryar da aka kama ni da ita ba ta ƙona ni kamar wannan maganar ba. Ashe duk watannin da nake ɓoye kaɗaicina a bayan ƙofa, ta saman katanga yake tsallakawa tare da hayaƙin kaza.

Suka ajiye kwanukan suka tafi, har sabulun da turaren. Da magariba a ɗaki na yi salla, na ƙudura ba zan sake bi ta gaban tabarmar nan ba ko da zan riƙa zagayawa ta bayan layi. Sai na ji ana buga ƙofa. Baffa ne.

“Malam, muna jiran kaza.”

“Baffa, ta ƙone.”

“Kawo shi haka. Kai ma ka zo.”

Na fita da farantin gawayina, kaina a ƙasa. Suka matsa mini wurin jiya. Aka kankare baƙin aka ci abin da ya ciwu, ba wanda ya ɗago zancen, har na fara zaton an rufa mini asiri. Sai Malam Buba ya goge baki, ya gyara zama, ya ce, “To Malam, yaya gajiyan iyali?”

Dariyar da aka yi, har wani ya ƙware da ruwa. Na daure, na daure, ni ma na fashe. Rabon da in yi dariya a gaban mutane har na manta.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi ƙarya, kada ka yi wa mutanen kirki, don su har gida za su biyo ta da fura da nono. Yanzu duk Juma'a ni ke kawo kazar tsamiya, kuma kowa ya san hannun da ya gasa. Matar dai har yau babu. In an tashi daga tabarma Baffa yakan ce, “Malam, a gaida iyali.” In ce, “Za su ji.” Da safe kuma in ƙadangaren ya fito shan rana, sai in isar masa da saƙon.