Kunnen Kawu da Injin Mai Girma

Jiya na kai Kawu asibiti da kunne ɗaya mai ƙara. Na dawo da shi da biyu.

Kawu bakanike ne, kuma da kunne yake aiki. Shekara talatin yana ɗora tsinin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya gaya maka abin da ke damun motarka. Tun bara kunnen hagu ya fara masa wani siii da ba ya tsayawa. Sau biyu yana kwance inji mai lafiya saboda ƙarar da shi kaɗai ke ji. Mai gareji ya ce ya je gida, kada ya dawo sai ya warke. Mutum tara Kawu ke ciyarwa.

Sai rediyo ya ce an kawo injin lesa, mai haska ɗan jan haske mara zafi cikin kunne.

"Kai Bature," in ji Kawu, don haka yake kirana tun da na dawo daga karatu, "can inda ka sha sanyi, abin yana yi?"

Na ce, "Kawu, wasu masu bincike sun ce yana taimakawa. Wasu sun ce da kunna shi da kashe shi duk ɗaya."

"To, mu je a kunna."

A asibitin muka tarar da rumfuna da kujeru. Nas ta ce ba a taɓa injin sai an ƙaddamar da shi. Na ce ai watan jiya aka ƙaddamar. Ta ce wancan ƙaramin Mai Girma ne, yau babban zai zo, kuma ana neman majinyaci mai furfura saboda hoto. Ta dubi Kawu.

Aka zaunar da shi a sahun gaba, kunnensa mai lafiyar daf da wata lasifika mai girman firji. Awa uku. Jiniya, kiɗa, jawabai. Mai Girma Uban Almakashi shi kaɗai ya yi minti arba'in yana ihu a kan yadda hayaniya ke lalata kunnen talaka. Allah ya saka masa, ban taɓa ganin darasi da misali haka ba.

Da aka yanke ƙyalle, aka cusa wa Kawu bakin injin a kunnen dama, don shi ke fuskantar kyamara. Ban ga jan haske ba. Na tambayi mai kula da injin.

"Yallaɓai, soket ɗaya gare mu," in ji shi, "kuma lasifika ce a ciki."

Mai Girma ya sunkuyo. "Baba, yaya kunnen?"

Leɓe kawai Kawu ya ga yana motsi. Sai ya faɗi abin da duk mai tarbiyya ke faɗa in babba ya duba shi, ko da kuwa ana shirin ɗaukarsa a makara: "Da sauƙi, ranka ya daɗe."

Wuri ya ɗauki tafi. Aka kulle ɗakin, mai makulli ya bi ayarin motoci.

Yau da safe mai gareji ya kira ni. Ya ce ya ga Kawu a talabijin ya warke, don haka a gaya masa ya dawo aiki. Har ma akwai motar da ke jiransa, ɗaya daga cikin ayarin Mai Girma, wai tana wata 'yar ƙara da aka rasa daga ina take. Na rubuta wa Kawu saƙon a takarda. Ya karanta, ya ɗauki jakar sifanunsa yana murmushi.

Na so in hana shi. Amma ni ɗan ƙasa ne nagari, ba na shiga tsakanin hukuma da sakamakon aikinta.