Sarkin Rairayi na Ainu Shams

Kai jama'a, in ana lissafin manyan Alƙahira a fara da Ukasha tukuna sannan a zo kan dalar Fir'auna. Ukasha Sarkin Rairayi! Ɗan Sahara jikan Sahara, mutumin da ya ce in ya shinshina iska zai faɗa maka nisan rijiya. Shekara biyu yana aji ɗaya a makarantar koyon Larabci, wai ba faɗuwa yake ba, malaman ne ba sa son rabuwa da shi. A Agege aka haife shi fa, tsakiyar Legas. Rairayin da ya taɓa gani shi ne wanda tifa ke zubewa in za a yi gini a layinsu. Amma wannan ba a faɗa, sirrin sarauta ne.

Yadda sarautar ta zo kuwa, ciwon haƙori ne. Kumatu ya kumbura, ya ari rawanin Sagiru abokin ɗakinsa ya naɗe fuska sai ido kawai, ya je Wustul Balad, can tsakiyar gari, neman magani ya zauna a gidan shayi yana kallon nesa saboda azaba. Sai ga wani tsohon Bature ɗan Sipaniya, Anselmo, mai zanen hamada da fentin mai, ya tsaya cak kamar ya ga aljani. Shi wannan tsohon tun yana saurayi ya zo Masar hutun sati ɗaya bai koma ba, yana can saman bene yana ta zana hamada daga tsofaffin hotuna. Kullum rana ja wur tana faɗuwa, raƙumi a gefe, wani mai rawani yana hangen abin da ba kowa ya sani ba. Ya ce da Ukasha da gurgun Larabcinsa, kai ɗan hamada ne ko? Ukasha bakin ba ya buɗuwa sai ya gyaɗa kai. Shike nan, abin nema ya samu.

Haƙori ya warke rawani bai sauka ba. Sagiru har ya gaji da tambaya.

Kullum sai Sarki ya hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya je duba aikin tsoho. Zai tsaya gaban zane hannu a baya, ɗaki na ta warin fenti, ya girgiza kai.

"Ya Anselmo, rairayin nan ya yi ja da yawa. Namu na gida kalar shayi da madara ne. Kuma raƙumi ba ya ɗaga kai haka in yana gaban babba. Raƙuman kakana in na shigo garke sunkuyawa suke."

Tsoho ya goge ya sake, yana tamam tamam. Wallahi har hawaye ya taɓa yi don ya samu na asali. Banza ta samu wofi kenan, wanda bai je ba yana gyara wa wanda bai gani ba.

To ana nan sai babbar magana ta taso. Za a baje zanen tsoho a garinsu can Sipaniya, ya ce zai tafi da Ukasha ya zauna tsakiyar zauren da rawaninsa yana ba Turawa labarin Sahara. Jirgi, masauki, komai. Sharaɗi ɗaya ne, kafin tafiya Ukasha ya kai shi hamada ta gaske ya hau raƙumi a zana shi, wannan zanen shi za a rataye a bakin ƙofa.

Wayyo unguwarmu Ainu Shams ta shiga uku. Sarki ya daina gaisawa da hannu biyu. Ya kyautar da fankarsa ana tsakiyar zafi wai Turai ba a buƙata. Ya kira gida ya ce a daina sa ran ganinsa da sallah. Wajen Bakhita mai shayi, Bahaushiyar Sudan ce da ke da tebur a bakin layinmu, nan yake zama da yamma yana huɗuba.

"Ku yara ku yi karatu. Ba kowa Allah ke ba baiwar hamada ba. In na isa can zan sa baki a duba lamarinku."

Bakhita ta ce, "Ya waladi, ka taɓa ko taɓa raƙumi da hannu?"

Ya yi murmushin manya. "Hajiya, ana tambayar kifi ko ya iya ruwa?"

Ranar Juma'a da safe aka cika mota aka nufi bayan dala inda masu raƙuma ke jiran baƙi. Har Bakhita ta rufe tebur ta biyo, ta ce wannan ba a ba ta labari. Tsoho ya kafa allonsa ya matse fenti ya gyara hula. Aka kawo raƙumi aka gurfanar, wani dogo mai leɓe kamar silifa, yana tauna yana kallon Sarki sama da ƙasa. Sarki ya tsaya nesa kaɗan. Wai yana karanta halinsa.

Mai raƙumin ya fara bayani, Sarki ya ɗaga masa hannu. "Khalas ya ammu, khalas, ya isa haka. Mu a kai aka yi mana suna."

Ya hau da ƙyar, ƙafa ɗaya ta maƙale a igiya Sagiru ya tura shi. Da ya ji ya zauna daram sai jinin sarauta ya motsa, ya saki abin riƙo, ya ranƙwafo gaba ya miƙa hannu biyu wajen jama'a zai yi jawabi.

"Ya ku mutanen birni, yau za ku ga..."

To shi raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Kowa na Sahara ya san wannan, kai har Bature mai yawon buɗe ido ya sani. Baya ya yi sama, Sarki ya yi gaba, ya bi ta kan wuya suuu ya dira da ka cikin rairayi. Kai ya nutse, riga ta kife, ƙafa biyu a sama suna harbin iska, takalmi ɗaya ya tafi neman rijiya. Rawani kuwa raƙumi ya kama bakinsa yana taunawa a hankali. Sagiru na ihu rawanina rawanina!

Kowa ya ruga ceto sai tsoho Anselmo. Shi yana gaban allo, yana zane kamar wanda ake kora, yana dariya yana ku bar shi, ku bar shi kaɗan! Ya ce tunda ya zo Masar bai taɓa zana abin da ya gani da idonsa ba sai yau.

Aka zaro Sarki yana tofar da ƙasa. Bai ko karkaɗe gemu ba ya ce, "Wannan saukar girmamawa ce. Ba a yi wa kowa."

Tsoho ya rungume shi ya sumbace shi kumatu biyu, ya ce ma'alish habibi, yi haƙuri, ba sai ka wahala da tafiya ba, zanen nan shi zai yi magana da kansa.

Haka kuwa aka yi. Zane ya hau jirgi, Sarki ya hau metro. Bayan wata biyu tsoho ya turo hoto a waya, ga shi an rataye a bakin ƙofa ƙato guda, Turawa sun yi layi suna ɗaukar hoto da shi. Rana ja, raƙumi da rawani a baki, sai wando da tafin ƙafa biyu suna kallon sama. Fuska babu ko kaɗan.

Waya ta zaga teburin Bakhita hannu zuwa hannu har ta iso wajen Sarki. Ya daɗe yana kallo, ya gyara murya.

"To ko ba komai dai kun gani, na shiga Turai."

Bakhita ta ajiye masa shayi ta ce, "Ka shiga ya waladi, rabinka ya shiga. Kuma sun yi sa'a, rabin da ka fi magana da shi suka samu."