Yadda Na Zama Marigayi a Birni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mutanen Birni suka ɗauke ni a kafaɗa ba, ko da ma na so in manta, su ba za su bar ni ba. Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jarida da ɗaukar hoto a nan Damagaram. Shekarar farko da ƙyar na tsallake ta, har Babana, wanda baduku ne ɗan baduku, ya zaunar da ni a rumfarsa ya gaya mini magana ɗaya. Ya ce shi bai gane karatun da ake yi da kallon sinima ba, amma ya ba ni shekara guda. In na faɗi, in dawo in kama basilla da fata kamar sauran 'ya'yan gidanmu. Ban raina sana'ar gidanmu ba, amma ni ko jakar laya na ɗinka sai ta fito a karkace.

To, a wannan shekarar ne malaminmu, Mushe Ilu, ya ba mu aikin da rabin sakamakonmu ya rataya a kansa. Kowane rukuni zai tsara minti biyun farko na fim ɗin ban tsoro, ya ɗauka, ya kawo. Ya kafa sharuɗɗa biyu: ba jini, ba dare. Ya ce ko jariri ya iya tsorata mutum a cikin duhu, gwani shi ne mai sa gashin jiki ya tashi da rana tsaka.

Ni na zama shugaban rukuninmu (ba wanda ya zaɓe ni, ni na fara faɗa, sauran suka ji nauyin musu). Akwai Hadiza mai riƙe kamara, akwai abokina Mutari, akwai Lawali, sai wasu biyu 'yan ajinmu. Sati biyu na yi ina zane a littafi, hoto bayan hoto. Ga abin da na tsara: lungu shiru, ba kowa. Ƙofar wani tsohon zaure ta buɗe. Mutum huɗu su fito da makara a kafaɗa, su yi tafiya a hankali cikin yashi, kamara na kallonsu daga saman soro. Sai sun kai tsakiyar lungu, gawar ta tashi zaune, ta juyo, ta kalli mai kallo. Shi ke nan, sunan fim ya fito. Da na karanta musu, Hadiza ta ce tsigar jikinta ta tashi, ni kuwa kaina ya kumbura har hulata ta matse ni.

Wuri bai ba mu wahala ba. Gidan kakana, Tsoho Mato, yana cikin Birni, da zaurensa na ƙasa mai zane a fuska, da lungu mai lanƙwasa kamar don mu aka gina shi. Tsoho a lokacin ya yi wata uku bai fita ba saboda ciwon ƙafa, duk unguwa an sani, ana ta zuwa duba shi. Na shiga na gaishe shi, na ce za mu ɗan ɗauki hoto a zaure, aikin makaranta ne. Ya ce in ɗauka, amma kada in ɗauke masa mata. Ban faɗa masa irin hoton ba. Na dai san abin da nake yi da na ƙi faɗa.

Makara ba mu aro ta masallaci ba, wannan kam muna da sauran hankali. Wani tsohon gadon kara muka gyara, muka ɗaura masa sanduna biyu, muka samo farin yadi da tabarma. Lawali ne zai zama gawa, amma ana gobe ɗauka ya zo ya ce shi ya yi tunani, ba ya gwajin mutuwa, gara ya ɗauki makara. Na yi masa dogon jawabi a kan sadaukar da kai, ya saurara har ƙarshe, ya ce tun da ni ne mai sadaukarwar, kuma ni na fi kowa rashin nauyi, sai in kwanta. Haka na zama shugaba kuma gawa.

Kafin a naɗe ni na tara su na kafa doka. Hadiza ba za ta tsai da kamara ba sai ta ji muryata. Masu ɗauka ba mai magana, ba mai tsayawa, ko me ya faru, wanda ya ɓata mini ɗauka zan cire sunansa daga aikin. Ni kuma ba zan motsa ba sai Mutari, da ke riƙe da ɓangaren ƙafafu, ya taɓa mini babban yatsa sau uku. Aka shafa mini toka a fuska har na yi fari fat, aka zagaye idanuna da kwalli, aka naɗe ni cikin yadi, aka rufa tabarma.

Saura lokaci. Na zaɓi bayan la'asar, saboda a lokacin hasken rana yake kwanciya a jikin katangar ƙasa ya yi ja mai kyau. Na lissafa haske, na lissafa inuwa, na lissafa tsawon lungu da taku. Abin da ban lissafa ba shi ne bayan la'asar ne maza ke fitowa daga masallaci.

Muka fito. A cikin tabarma ba na ganin komai, sai jin takun ƙafa cikin yashi da bugun zuciyata. Taku goma, sai na ji wani ya ce innalillahi. Na ce a raina, Lawali ya karya doka, amma ya yi daidai, zan bar shi a ciki. Sai na ji wani ya amsa, sai na uku. Takun ƙafa ya fara yawa. Makarar ta ɗan girgiza, ta koma daidai, ta sake girgiza ta wani gefen.

Wanda ya tashi a nan ya san abin da ke faruwa, ni ma ɗan nan ne, amma a ranar kaina na cikin littafin zane. A garinmu makara ba ta wuce namiji yana zaune. Zai miƙe ya bi, ya sa kafaɗa ya karɓi wanda ya ɗauka, ya yi 'yan taku, wani ya karɓe shi, kowa na neman ladarsa. Ba a tambayar mai makara izini. Kafin mu kai tsakiyar lungu an karɓe ta daga hannun mutanena huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Mutari, mai taɓa mini yatsa, yana can baya a cikin taro.

(Daga baya ya rantse mini ya yi ƙoƙari. Ya ce ya kama hannun wani dattijo ya ce masa, Baba, ba fa mutuwa ba ce. Dattijon ya dafa kansa ya ce ya yi haƙuri, haka ake ji da farko.)

Ni kuwa ina kwance ina jiran yatsa. Na ji mun wuce inda ya kamata in tashi, na ji mun sha kwana, amma na ce a'a, doka doka ce, ni na kafa ta, ba ni zan fara karya ta ba. Zafi ya dame ni, toka ta haɗu da gumi tana gangarowa cikin kunnena, na daure. Har wani daɗi na fara ji da na ji ana cewa mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, hannunsa a buɗe yake. Sai wani ya ce, Allah ya jiƙan Mato, wata uku yana fama.

Nan na gane. Makara ta fito daga zauren Tsoho Mato, Tsoho Mato na kwance wata uku, wa kuma za a ce ya mutu? Na ji wani na kusa da kaina yana waya, yana cewa a gaya wa danginmu na garin Takieta. Wani yana mamakin yadda aka yi wanka da sutura ba a sanar da unguwa ba, aka ce masa ai marigayin bai son wahalar da mutane. Wani mai ɗauka ya ce ciwo ya cinye shi, ji yadda ba nauyi.

Ya kamata in tashi a nan. Na sani. Amma ka gwada tashi zaune a kafaɗar dattawan unguwarku, ka ce musu aikin makaranta ne. Kowane taku na ce bari a ƙara ɗaya, wataƙila Mutari ya iso, wataƙila ƙasa ta tsage. Ina cikin wannan shawarar aka sauke ni a ƙofar masallaci, aka juya ni ta yadda ake juya gawa, na ji liman yana cewa a daidaita sahu, a kuma jira ɗan mamacin, an aika a kira shi.

Ban jima ba na ji muryar Babana. Daga rumfa ya taho a guje, yana haki. Tun da nake ban taɓa jin kukansa ba sai ranar. Ba da ƙarfi yake yi ba, irin na manya ne. Yana tambaya wa ya wanke masa uba bai kira shi ba, da safe fa ya kai masa fura, sun yi hira. Ya durƙusa a kaina, na ji hannunsa a kan tabarma, ya ce a bar shi ya ga fuskarsa sau ɗaya.

Wallahi a wannan lokacin na manta da sakamako, na manta da Mushe Ilu. Kunya da tausayi suka taru suka danne ni. Na ce, cikin ƙaramar murya, daga cikin likkafani:

"Baba, ni ne."

Sannan na tashi zaune, tabarma ta zame, ga fuska fari fat da idanu baƙi ƙirin.

Ba zan ambaci sunan waɗanda suka gudu ba, yawancinsu suna raye, wasu ma ina gaishe su kullum. Zan dai ce sahu uku ne, kuma cikin ƙiftawar ido ba abin da ya rage sai takalma. Liman bai gudu ba, amma ya ja da baya har ya jingina da bango yana karanta abin da ya zo bakinsa. Babana kaɗai ya tsaya inda yake. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, hawaye bai bushe a fuskarsa ba. Ya ce, "Wannan shi ne karatun?" Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Haka na koma gidan Tsoho a ƙafa, cikin farin yadi, ina ɗauke da tabarmata, mata na leƙe ta kan katanga. Ni da Babana muka tarar da shi zaune a kan buzunsa yana shan kunu, ga mutum biyar a gabansa da suka zo yi wa iyali gaisuwar mutuwarsa, sun rasa ta inda za su fara. Kafin magariba wata mota ta iso daga Takieta. Washegari na Zermu suka zo, har da buhun hatsi na sadaka.

Babana ya yanke hukunci: a goge hoton, ni kuma in bar makarantar. Tsoho ne ya ce a kawo masa abin ya gani tukuna, tun da jana'izarsa ce. Ashe Hadiza, baiwar Allah, ta bi doka. Daga saman soro ta ɗauki komai, tun fitowarmu har watsewar sahu, don muryata ba ta kai mata ba. Tsoho ya kalla sau huɗu. Yana nuna mutane da yatsa, wane ya ɗauke ni, wane ma ya ɗauke ni, ji wane da muka yi shekara ba ma magana, har da gudunsa. Ya kuma lura da waɗanda bai gani ba, ya riƙe sunayensu. Da ya gama ya share ido ya ce wa Babana ba mai goge masa jana'iza, ba kowa Allah ke nuna wa tasa ba. Maganar barin makaranta ma a nan ta mutu. Tsoho ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma ja'iri, ka kashe ni don ka gaje mini mata, ga shi kai aka naɗe."

Sai da na bi gida gida na ba da haƙuri, tun daga liman har mai shagon bakin lungu, sannan na nemi izinin duk wanda fuskarsa ta fito. Wasu sun yarda da sharaɗin a yanke wurin gudu. Na kai wa Mushe Ilu minti biyuna. Ya kalla, ya ba mu sakamakon da ya fi na kowa a ajin, sannan ya tambaye ni a gaban ɗalibai yadda na yi na sarrafa 'yan wasa masu yawa haka har suka yi kamar gaske. Na ce shiri ne, Mushe. Mutari ya kifa kansa a kan tebur.

Na wuce shekarar, ban koma rumfa ba. Amma tun daga ranar sunana ya ɓace a Birni. Marigayi ake ce mini, har 'yan matan da na yi niyyar nema.

Bayan shekara biyu Tsoho Mato ya rasu, da safe, cikin sauƙi. Aka buga waya ko'ina, sai mutane suka riƙa tambaya, wannan karon da gaske ne? Na Takieta suka ce ba za su hau mota ba sai sun ji daga bakin wanda ya jawo na farko. Haka na zauna a zaure da wayar Babana a hannu, ina kuka ina rantsuwa, mutum bayan mutum, cewa wallahi babu kamara. Da aka fito da makara ni na fara sa kafaɗa, taku biyar aka karɓe ni, kamar yadda ake yi.

Yanzu in ɗalibai suka zo neman shawara a kan fim ɗin tsoro, ina gaya musu su zana haske, su zana inuwa, su auna lungu yadda suke so. Amma in za ka mutu a Birni, ko da na minti biyu ne, ka fara sanar da maƙwabta.