Yadda Oga Babu-Hutu Ya Zaɓi Inshora

"Ni za a koya wa inshora?" in ji Oga Babu-Hutu, ya daki teburin cin abinci har cokula suka yi tsalle. "Ni da na ƙare rayuwata ina kama masu ciwon ƙarya? Zan shiga kamfanin nan in fito da tsari mafi araha, su rako ni har bakin ƙofa suna godiya!"

Bari in gabatar maka da shi, abokina. Kafin ya yi ritaya, shi ne shugaban sashen ma'aikata, duk mai neman hutun rashin lafiya sai ya bi ta teburinsa. An ce wani ya taɓa zuwa da hannu a ɗaure cikin filasta, Oga ya ƙwanƙwasa filastar kamar mai zaɓen kankana, ya ce, "Ai da sauran hannu guda." Daga ranar sunan ya bi shi.

Shi kansa kuwa, ciwon suga da hawan jini sun daɗe da kama haya a jikinsa. Ƙwaya safe, ƙwaya yamma, ofis ke biya. To yanzu ofis ya janye hannu, kwalin maganin da ke kan firij kuma ya fara ƙara idan an girgiza shi, alamar saura kaɗan. Dole ya zaɓi inshorar da za ta ci gaba da cika kwalin nan.

"Maigida," in ji matarsa, "ka dai gaya musu abin da ke damunka, su ba ka wadda ta dace."

"Kin ji ki! Duk wanda ke bayan tebur, in kika ce masa ba ki da lafiya, ɗayan biyu yake ɗaukarki: ko maƙaryaciya ko kaya. Na zauna bayan tebur, na sani. A matsayin lafiyayye zan shiga, in biya kaɗan. In na shiga, sai ciwon ya biyo ni daga baya."

"Ciwon da ya riga ƙaramar 'yarka zuwa gidan nan?"

"Ke dai miƙo mini baƙin shafa gashi."

Washegari ya fito da gashi baƙi wuluk, da kayan motsa jiki na surukinsa waɗanda suka kama shi kamar an naɗe tulu da safa. A ginin kamfanin ya ƙi hawa lif, wai lafiyayyu matakala suke bi. A hawa na uku ya tsaya ya rungumi bango, suka yi doguwar shawara shi da numfashinsa, sannan ya ƙarasa.

Jami'ar inshorar mace ce mai fara'a, irin wadda ke yarda da duk abin da dattijo ya faɗa. Ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Baba, muna da tsari na masu ciwon da ba ya rabuwa da mutum," ta ce. "Maganin wata-wata, gwajin jini, ganin likita, duk muna ɗauka. Ya ɗan fi tsada. Akwai kuma Tsarin Zakaru, na masu wasanni, shi ne mafi araha. Karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, iyakarsa ke nan. Akwai maganin da kake sha kullum?"

"Magani? 'Yata, ko launin ƙwaya ban sani ba!"

Bai rufe baki ba wayarsa ta ɗauki ƙara daga aljihu, da muryar 'yarsa da ta naɗa masa don tunatarwa: "Baba, lokacin maganin suga ya yi! Baba, lokacin maganin suga ya yi!"

Oga ya danne wayar kamar mai shaƙe kaza. "Na matata ne," ya ce. "Ni nake tuna mata."

"Allah sarki! Allah ya ba Mama lafiya."

Don ya kore shakka sai ya yi tsallen kwaɗo guda biyu a gaban teburin. Gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya itace, ya ce takalmin ne sabo. Jami'ar ta tafa, ta kira abokan aikinta su zo su ga ikon Allah. Kafin ya sa hannu ta gaya masa abu biyu: ba a sauya tsari sai shekara ta zagayo, kuma duk wanda aka gano ya ɓoye ciwo, an soke inshorarsa ke nan. Oga bai ji ba, yana can yana amsa gaisuwar masu kallo.

Ya dawo gida yana kaɗa katin Zakaru a hancin matarsa. "Rabin kuɗi! Har hoto suka ɗauka da ni."

Da kwalin ya kusa ƙarewa, ya tafi kantin magani, ya ajiye katin a kan kanta kamar mai ajiye makullin mota. Mai kantin ya duba kwamfuta, ya dubi Oga.

"Ranka ya daɗe, ina ka karye?"

"Wace irin karaya? Maganin suga na zo karɓa."

"Katin nan bandeji yake bayarwa, da man zafi, da sandar dogarawa. In kana so in naɗe maka sugan da bandeji, bismillah."

Oga ya kira shi ɗan tireda mai farar riga, ya fita. Ya zarce wurin likitansa da sabuwar dabara.

"Likita, takarda kawai za ka rubuta cewa ciwon nan jiya ya kama ni."

Likitan ya jawo fayil ɗin Oga, ya ɗora a tebur da hannu biyu, teburin ya yi nishi. "Jiya? Tun wancan gashin naka na gaskiya yana baƙi nake ganinka. Wa ya yi maka wannan fentin?"

"To ka ce shekaranjiya."

"Fita, akwai marasa lafiya a layi."

"Ni ma mara lafiya ne!"

"Je ka gaya wa kamfaninka."

Ka ga inda aka kwana, abokina. In ya ce ba shi da lafiya, a soke. In ya ce yana da lafiya, ba magani. Ya koma raba ƙwaya gida biyu da wuƙar yanka albasa, rabi ya sha, rabi ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firij, matarsa ta same shi a durƙushe yana lalube da tsintsiya.

"Zakara, me ake nema?"

"Motsa jiki nake yi."

Ana haka jami'ar ta bugo waya. Kamfanin zai yi taron dattawa, kuma manaja da kansa yana so Baba ya zo ya yi jawabi a kan yadda mutum zai tsufa bai san ƙwaya ba. Mai hankali zai ce yana da uzuri. Oga kuwa ya ajiye waya yana murmushi.

"Shi ke nan! Daga na burge su, sai in ja manaja gefe, oga da oga, in ce a sauya mini tsari. Manya ba sa bin layi."

Ranar taron ya haɗiye ƙwayar suga, amma ya ƙi karyawa, wai kada tumbi ya ɓata masa kayan wasanni. Matarsa ta bi shi da burodi har bakin ƙofa, ya ce ta ajiye wa marasa lafiya. Ta saka burodin a jaka ta bi bayansa.

Zauren ya cika da tsofaffi, kowa da 'yar jakar magungunansa a cinya. Oga ya hau dandamali ya karɓi makirufo.

"Ciwo," ya ce, "lalaci ne! Ni da kuke gani, rabona da asibiti tun ranar da aka haife ni!"

Aka tafa. Zufa ta fara sauko da baƙin gashin ta gefen kunnuwansa. Ya ga manaja ya zama biyu a kujerar gaba, sai ya rasa wanne zai ja gefe. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce a nuna musu tsallen nan da ake labari. Oga ya durƙusa, ya yunƙura. Ya tashi sama lafiya lau. A wajen saukowa ne aka samu saɓani, don dandamalin ya ƙare kafin shi.

Ya farfaɗo a gadon asibiti, ruwa na shiga hannunsa, ƙafarsa ta dama a naɗe an ɗaga ta sama. Matarsa na gefe ta haɗa tagumi. Ashe tun a zauren, da ta ga idonsa ya juye, ta ƙwala ihu a gaban manaja da kowa cewa mai suga ne, a kawo abin zaƙi. Jami'ar na tsaye a ƙarshen gadon da furanni.

"Baba, sannu. Manaja ya ce a soke inshorar daga yau. Amma na roƙe shi, tunda faɗuwar jiya ce, kuma a wajen wasa ka yi ta, targaɗen yana kanmu. Bandeji, man zafi, har da sanda."

Oga ya lumshe ido, ya tattaro sauran girmansa. "To, tunda kun ɗauki nauyina, a haɗa da maganin sugan da ruwan nan da ake ƙara mini."

Jami'ar ta ajiye furannin a hankali kusa da ƙafar da aka naɗe, ta gyara musu zama.

"A'a, Baba," ta ce. "Daga idon sawu zuwa ƙasa ne namu. Sauran duk naka ne."